Rasuwar Baba Tafireta da Takardun da Ya Bari a Kan Tebur

Daga Ƙungiyar Sa-kai ta Masu Fassarar Manhajar Ɗakin Magani, zuwa ga iyalan marigayin, da 'yan ƙungiya, da ma'aikatan lafiya masu aiki da fassararmu, da jama'a baki ɗaya.

Cikin alhini mai nauyin ɗauka, da kunyar da ba mu da niyyar ɓoyewa, wannan ƙungiya take sanar da samun labarin rasuwar dattijonta, ubanta kuma malaminta, Babban Mai Tantance Fassara, tsohon mai buga takardu a kotu, mutumin kirki wanda yaro da babba suka sani da Baba Tafireta, wanda Allah Ya karɓi ransa da hantsin wata Talata a gadon asibiti, bayan jinyar mako bakwai, yana da shekara saba'in da ɗaya a duniya. Ya rasu ya bar mai ɗakinsa, uwarmu Hajiya, da 'ya'ya biyar, da jikoki goma sha huɗu, da kuma mu, 'ya'yan da ya tara ta bayan allon waya, waɗanda mafi yawanmu ba mu taɓa ganin fuskarsa ba sai a ɗan hoton da ke gefen sunansa.

Mun ambaci kunya ne domin labarin bai riske mu ba sai da ya kwana tara a makwancinsa, kuma ba nisa ne ya jawo hakan ba, halinmu ne. Shi ya sa wannan takarda ta makara, ta kuma fi irin tata tsawo, domin bayan ta'aziyya akwai godiya mai yawa a cikinta, akwai kuma neman gafara. Marigayin ya rasu da aikin sashen magungunan yara a hannunsa, layi ɗari huɗu da goma sha biyu, a rubuce a takarda, a cikin gidan da muka yi wa laifi, ga ranar rufe karɓar fassara tana matsowa. Da iyalansa sun hana mu takardun, da ba su yi zalunci ba, amma da iyaye mata sun ƙara wata shida suna karɓar maganin 'ya'yansu da bayani cikin harshen da ba su ji. Za mu faɗi yadda aka yi, ba ragi ba ƙari.

Ga wanda bai san aikinmu ba, akwai wata manhaja da ƙananan asibitoci da ɗakunan magani suke amfani da ita. Ita ke buga 'yar takardar da ake mannawa a jikin kwalba ko leda, mai faɗin yadda za a sha magani, ita ce kuma ke tura wa majinyaci saƙon tuna masa ranar komawa ganin likita. Ba ta wani kamfani ba ce, ba a kuma sayar da ita. A buɗe take, duk mai iyawa yana iya leƙa cikinta, ya gyara, ya ƙara, kuma abin da ya ƙara ya zama na kowa. Masu gina ta suna warwatse a duniya, da Turanci suka rubuta ta. Namu aikin shi ne mu mai da kalmominta Hausa, layi-layi, a wani shafin intanet da aka tanada don haka. Kowa na iya shigar da fassara, amma ba ta shiga cikin manhajar sai mai riƙe da mabuɗin tantancewa ya duba ya amince. Sau biyu a shekara ake fitar da sabon zubi, kuma duk layin da ba a tantance ba kafin ranar rufewa, da Turancinsa yake fita. Shekara shida mabuɗin nan yana hannun Baba Tafireta.

Yadda ya shigo cikinmu ma darasi ne ga masu ganin cewa wanda ya ajiye aiki ya gama amfani. Shekara talatin da uku ya yi yana buga takardun kotu, tun zamanin tafireta mai ƙararrawa har zuwan kwamfuta, kuma abokan aikinsa sun shaida cewa ba a taɓa dawo masa da takarda don ya tsallake layi ba. Bayan ya huta, wata safiya ya je karɓar maganin hawan jini. Yana zaune a benci yana jiran layi sai wata mata mai goyo ta miƙo masa kwalba, ta ce don Allah Baba ya duba mata ko cokali nawa aka ce. Ya karanta mata. Ta kusa da ita ta miƙo tata ledar, ta bayanta ma haka, har layinsa ya wuce shi sau biyu. Da ya isa taga sai ya rufe mai ba da maganin da faɗa, ya ce ina amfanin takardar da sai an nemo mata tafinta. Mai ba da maganin, wanda ɗan ƙungiyar nan ne tun kafuwarta, bai yi fushi ba. Ya juyo masa da allon kwamfutar ya nuna masa cewa manhajar tana iya buga Hausa, masu zuba mata Hausar ne suka yi kaɗan. Baba ya ce a rubuta masa adireshin shafin a bayan takardar maganinsa. Kwana uku tsakani fassararsa ta fara shigowa, babu kuskuren bugu ko ɗaya, kuma kafin shekara ta zagayo ƙungiya ta damƙa masa mabuɗin ba tare da ko mutum ɗaya ya ja ba.

Ba mai sauri ba ne, kuma wannan ya sha jawo masa ƙorafi. Matashi zai zauna ya zuba layi ɗari biyu kafin shayinsa ya huce, ya ga sunansa ya hau saman jerin gwanaye, sai bayan mako guda Baba ya dawo masa da ɗari da tamanin, kowanne da 'yar magana a ƙarƙashinsa. Wani ya taɓa rubuta cewa a sha magani a kan ciki fanko, Baba ya rubuta masa: "Ɗana, cikin mutum ba gwangwani ba ne. Ka ce kafin a ci komai da safe." Wata ta fassara saƙon da ke fitowa idan na'ura ta ƙi aiki da cewa kuskuren da ba a zata ba ya auku, ya tambaye ta ko akwai kuskuren da ake sa wa rana a share masa ɗaki. Masu kwafo fassarar inji su liƙa da sunansu kuwa, kallo ɗaya yake musu ya gane, ya ce wannan ba daga bakin mai rai ta fito ba. Bai taɓa zagin kowa ba, bai kuma taɓa ɗaga wa kowa ƙafa ba, ko da Shugaban ƙungiya ne, malamin makaranta mai digiri biyu, wanda shi ma ya sha gyara ya haɗiye. Shafin yana ƙirga layin da mutum ya fassara, ba ya ƙirga wanda ya gyara wa wani, don haka kullum sunan Baba yana can ƙasan jeri, ƙarƙashin waɗanda yake bi yana share musu ɓarna. Ko sau ɗaya bai ɗaga maganar ba.

Shi ne ya tattara mana jerin kalmomin da muke komawa gare shi har yau, don kada wannan ya ce ƙwaya, wancan ya ce ƙwayar magani, na uku ya ƙirƙiro tasa, majinyaci ya ɗauka abu uku aka ba shi. Shi ne kuma yake tarbar duk sabon shiga da saƙo na kansa, ya tambaye shi sana'arsa, ya ba shi sashen da ya dace da ita: in direba ne ya ba shi saƙonnin tuna ranar asibiti, in tela ne ya ba shi na awo. Da yawa daga cikinmu da sun gudu tun makon farko in ba don shi ba.

Abin da wannan nutsuwa tasa ta haifar, ma'aikatan lafiya ne shaida. Wata ungozoma ta rubuto mana cewa tunda aka fara buga takardun da Hausa ta daina ganin mai jego ta dawo bayan mako guda da kwalba a cike, ta ce tsoron sha take ji. Wani mai ba da magani ya ce ya rage zana layuka uku da biro a jikin leda yana fatan a gane safe da rana da yamma yake nufi. Waɗannan mutane ba su san Baba ba, majinyatansu ma ba su san shi ba, amma maganarsa tana cikin aljihunsu da kan durowar ɗakunansu. A madadinsu, da madadin kanmu, muna cewa mun gode, Allah Ya saka masa da mafificin alheri.

Yanzu ga laifinmu. Shekara biyu da suka wuce, da muka gaji da masu karɓar aiki su ɓace, ƙungiya ta kafa doka cewa duk wanda ya yi kwana talatin bai shiga shafi ba, bai kuma ce uffan ba, za a karɓe abin da ke hannunsa, a cire sunansa daga jerin masu fassara da ke cikin manhajar, a fitar da shi daga zauren hirarmu na waya. Ni mai sa hannu a wannan takarda ni na rubuta dokar, ni kuma aka ɗora wa tura gargaɗi. Da Baba ya yi mako biyu shiru na tura masa saƙon tuni. Da ya yi uku na tura na biyu, da ɗan zafi. Ranar cikon talatin na tura na uku, kuma tunda a rubuce na yi laifin, a rubuce zan maimaita shi a gaban jama'a: "Baba, wanda ya gaji ya ce ya gaji. Riƙe mabuɗi a yi shiru, ga sashen yara yana jira, ba halin manya ba ne." Washegari aka mai da mabuɗin hannun Shugaba, aka share sunan Baba. A lokacin yana kwance da robar iskar numfashi a hanci.

Lambar wayarsa tana cikin wayar kowannenmu, mu arba'in da 'yan kai. Babu wanda ya danna kira. Mun saba ganin mutum a matsayin ɗan koren ɗigo a gefen suna, in ya haska yana aiki, in ya ɗauke ya yi lalaci. Dattijon da cikin shekara shida bai taɓa kwana biyu bai leƙo ba ya yi wata guda shiru, amma doka ce ta fara zuwa zukatanmu, ba tambayar lafiyarsa ba. Irin kuskuren mutanen da suka san juna a rubuce kawai ke nan, kuma faɗin haka ba neman uzuri ba ne. Da maƙwabcina ne ya yi kwana biyu ban ji buɗe ƙofarsa ba, da na aika an buga. A ƙarshe ma mai ba da maganin nan da ya nuna masa shafin ne ya ji rasuwar, daga bakin wani maƙwabcin marigayin da ya zo karɓar maganin tari.

Mu uku muka tafi gaisuwa: Shugaba, da mai ba da magani, da ni. Sai da muka yi tambaya sau uku kafin mu gane gidan, a ƙarshen wani lungu bayan gidan mai, mai shuɗiyar ƙofar ƙarfe. Aka shigar da mu falo. Teburinsa yana jikin taga, an shimfiɗa masa leda mai furanni. Tsohuwar tafireta tana gefe ɗaya a lulluɓe, kwamfuta da 'yar firinta suna ɗaya gefen, ga tabarau a naɗe, a tsakiya kuma tarin takardu an danne su da dutsen guga. Ashe fitar da layukan yake yi a takarda, ya yi aikinsa da jan biro, sai ya kammala sashe gaba ɗaya sannan ya shigar a shafi.

Babbar 'yarsa, Malama, mai koyarwa a firamare, ita ta karɓe mu, domin Hajiya tana ciki da mata masu gaisuwa. Muka yi ta'aziyya, muka yi addu'a. Babu wanda ya ambaci takardun, amma idon Shugaba ya je kansu ya dawo har sau biyu, ita kuwa ta gani. Ba ta ɗaga murya ba, ta ce: "Gaisuwa kuka zo, ko takarda?" Sannan ta ɗauko wayar mahaifinta ta karanta mana saƙona na uku daga farko har ƙarshe, ta tambaya wa ya rubuta. Na ce ni ce. Ta ce a bakin gadonsa ta karanta shi, tana riƙe da kofin ruwansa. Ta ce ya sha ce mata ta rubuta mana cewa yana nan tafe da zarar an sallame shi, ita ce ta ƙi, domin tana so ta ga ko cikin mutanen da ya hana kansa hutu dominsu za a sami ɗaya da zai kira ya ce Baba lafiya kuwa. Mako bakwai ta yi tana jira. Ba mu ga laifinta ba, ba kuma za mu yarda wani ya gani ba.

Sai ta faɗi abin da ƙungiyar nan za ta gode mata a kansa muddin tana raye. Ba ta karanta masa saƙon ba, ba ta kuma gaya masa an cire shi ba. Ya koma ga Ubangijinsa yana ganin mabuɗin yana hannunsa, damuwarsa kawai ya sa mu jira. Malama, kin rufa mana asiri a wurin mahaifinki alhali ba mu cancanta ba, Allah Ya rufa miki naki duniya da lahira. Takardun kuwa, ta ce na ubanta ne, ko ƙona su ta ga dama sai ta yi. Muka ce haka ne. Muka fito hannu rabbana.

A ranar muka roƙi masu kula da manhajar su mayar da sunansa, suka mayar, suka kuma aiko da tasu ta'aziyyar. Muka soke dokar kwana talatin. Daga yanzu ba a cire kowa don ya yi shiru sai an ji muryarsa, in ba a ji ba a nemi ƙofar gidansa a buga. Muka kuma yanke cewa babu wanda zai ƙara tunkarar iyalan da zancen takardu, ko da sashen zai fita da Turanci.

Wasu daga cikin matasanmu suka ce ai abin mai sauƙi ne, saura mako biyu a rufe karɓar fassara, a zuba layukan a inji a wuce wurin. To ku saurare ni, 'ya'yana, tunda na haifi kamarku. Adadin maganin jariri ba wurin gwada sauri ba ne. Wanda ba zai iya tsayawa ya karanta abin da ya liƙa ba, ya je ya nemi wani wurin tara suna. Haka kuma waɗanda suka tura hoton fuska mai hawaye a zaure suka ɗauka sun yi ta'aziyya, ku sani ba ku yi ba. Dattijon da ya zauna ya rubuta maka jimla guda a ƙarƙashin kowane kuskurenka ya wuce ka sallame shi da danna yatsa ɗaya. Ku sa takalmanku ku je gidan, ku cire su a bakin ƙofa, ku durƙusa ku gai da uwarku, ku kashe wayoyin nan har ku fito. Wadda ta fi ku laifi ce take gaya muku, don haka ba ku da ta cewa.

Kwana biyar bayan zuwanmu gidan wayata ta yi ƙara, na duba na ga lambar Baba. Hajiya ce da kanta. Ta ce: "Ke ce mai faɗan nan? To ki zo gobe bayan azahar, ki taho da wadda ta iya buga kwamfuta." Na tafi da Sakatariyar ƙungiya, wadda ma'aikaciyar jinya ce.

Muka sami Hajiya a kan kujera 'yar tsugunno a bakin ƙofar kicin, daidai inda ake hango teburin. Ta nuna wurin ta ce nan ne ofishinta. Ashe duk layin da ya shiga manhajar nan da Hausa cikin shekara shida, sai da aka karanta mata shi a wurin nan. Hajiya ba ta yi boko ba. Ta ce yakan juyo da kujerarsa, ya gyara tabarau, ya karanta mata layi tana yanka albasa ko tana guga, kuma ba ya tambayarta ko ta gane, domin a cewarsa kowa cewa yake ya gane don a rabu da shi. Tambayarsa ɗaya ce: "To Hajiya, an ba ki wannan, me za ki yi?" Sai ta faɗa, cokali kaza, lokaci kaza, in yaro ya yi amai ta sake ba shi ko kada ta sake. In abin da ta ce za ta yi ya saɓa da abin da likita yake nufi, to layin ne mai laifi, sai ya soke ya sake. Wani layin sai ya kwana uku yana zagaya ta da shi. Ta ce ta sha gaya masa cewa kotu ta sallame shi ya dawo gida ya mai da ita mai ba da shaida, ba hutu ba ɗage zama, kuma sau biyu girkinta yana ƙonewa a kan maganin tsutsar ciki. Tana faɗa tana dariya tana share ido da bakin mayafi. A nan muka gane inda kwanakin da muke ƙorafi a kansu suke tafiya, muka kuma gane cewa masu tantance mana fassara biyu ne, ɗaya kawai muka sani.

Ta ce ta yi magana da Malama, ba su daidaita duka ba, amma ita ce uwa. Takardu ba za su fita daga falon ba. Layukan da ya yi wa alama da jan biro, ɗari uku da hamsin da ɗaya, ta riga ta ji su, mu kwafe a nan kan teburin. Sauran sittin da ɗaya, ciwo ya kwantar da shi kafin ya karanta mata. "Ba zan bari a sa sunansa a kan abin da ban ji ba," in ji ta. "Ku karanta, in gaya muku abin da zan yi."

Yamma shida muka yi a falon nan. Sakatariya tana bugawa, ni ina karantawa, Hajiya tana kan kujerarta, Shugaba kuma daga inda yake ba ya amincewa da layi sai mun ce masa ya wuce a bakin ƙofar kicin. Ba ta sassauta mana ba. Ta ce ina karatu kamar mai sanarwa a rediyo, in yi kamar da ƙanwata nake magana. Hamsin da biyu suka wuce, wasu sai da aka sake su. Tara suka tsaya. Duk yadda muka juya su, abin da Hajiya ta ce za ta yi ba shi aka nufa ba, kuma Sakatariya, da ta san aikin, ta ce a ɗaya daga ciki da jariri ya sha ninkin abin da aka rubuta masa.

Duk kwanakin nan, in Malama ta dawo daga makaranta sallama kawai take yi ta wuce ɗaki. Ranar Alhamis, ana gobe rufewa, muna ta fama da taran nan, sai ta fito ta tsaya a bayana tana saurare. Can ta miƙo hannu ta zare jan biron mahaifinta daga hannuna. Ta ce jimlolin sun fi ƙarfin numfashi ɗaya, ko 'yan aji uku ba a ba su umarni biyu a baki guda. Ta zauna a kujerarsa, ta raba kowanne gida biyu, ta juyo ta karanta wa mahaifiyarta, ta ce: "To Mama, me za ki yi?" Kafin rana ta faɗi bakwai sun wuce.

Biyu suka ƙi, kuma dukansu a kan auna maganin jariri ne da sirinji gwargwadon nauyinsa. Shugaba ya kira ya ce ko a bar su haka tunda sun kusa. Hajiya ta ce a gaya masa mai teburin nan ba ya wucewa da kusa. Saboda haka muna sanar da ma'aikatan lafiya cewa a sabon zubin da ya fita, sashen magungunan yara ya fito da Hausa, layi ɗari huɗu da goma, amma za ku ga biyu da Turancinsu. Ba mantuwa aka yi ba. Don Allah in kun zo kansu ku yi wa uwar yaro bayani da baki, ku ɗauki sirinjin ku nuna mata, sannan ku tambaye ta abin da za ta yi in ta koma gida.

Mun roƙi Hajiya ta bari a sa sunanta a jerin masu fassara, ta ce a'a, nasa ya ishe su su biyu. Uwarmu, kin ba mu abin da ba mu da bakin roƙo, kin buɗe mana ƙofa a kwanakin da kike da hakkin rufe ta, kin zauna kina sauraron rubutun mijinki daga bakin wadda ta ci masa fuska, ba ki kuma taɓa goranta mini ba sai sunan mai faɗa da kika raɗa mini, wanda na karɓa. Babu kalmar godiya da ta kai, a jerin kalmomin Baba ko a wajensa. Malama ba ta ce ta yafe ba, mu ma ba mu matsa mata ba, hakkinta ne, kuma a nan muna sake roƙonta da 'yan uwanta a gaban jama'a. Da za mu fita dai ta zare takardar layukan biyun nan ta sa a jakarta, ta ce za ta gwada su a kan iyayen ɗalibanta, mu neme ta bayan mako biyu. Ta ce kira za mu yi, ba saƙo ba.

Muna roƙon Allah Maɗaukakin Sarki Ya jiƙan dattijonmu, ubanmu, malaminmu, Babban Mai Tantance Fassara, Baba Tafireta, Ya gafarta masa, Ya haskaka makwancinsa, Ya sa duk uwar da ta karanta takarda ta auna wa ɗanta magani daidai ya zama yana da rabo a ladan. Allah Ya ba uwarmu Hajiya, da Malama, da ƙannenta, da jikoki, da dangi, da maƙwabta, ƙarfin zuciyar ɗaukar wannan rashi, Ya albarkaci bayansa, Ya haɗa kan zuriyarsa. Mu kuma Ya yafe mana, Ya sa mu cika da kyau in tamu ta zo. Amin.

Sa hannu:
Uwar Tagwaye
Kakaki kuma Mai Kula da Ɗa'ar 'Yan Ƙungiya
A madadin Shugaba da ɗaukacin 'yan Ƙungiyar Sa-kai ta Masu Fassarar Manhajar Ɗakin Magani